Yaron da Ba Ya Zama Wuri Guda: Ƙiriniya Ce ko Larura?

Kusan kowace unguwa akwai yaron da sunansa ya fi na kowa fitowa daga bakin manya. Shi ne ake cewa kunnen ƙashi gare shi. A aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana, ko ya dawo hannu rabbana ya ce ya manta abin da aka ce. A aji ba ya iya minti biyar a kan benci, a Islamiyya shi ne mai tsokanar na kusa da shi. Kullum da sabon ciwo a gwiwa ko a goshi. An yi faɗa, an yi bulala, an hana shi abinci, amma jiya i yau.

Da yawa daga cikin irin waɗannan yara lafiyarsu lau, ƙuruciya ce kawai, kuma za ta wuce. Amma akwai waɗanda abin nasu ya zarce ƙuruciya. Suna fama ne da wata larura ta ƙwaƙwalwa wadda za mu iya kira larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, likitoci kuma suna taƙaita sunanta da haruffan ADHD. Mun kawo miki wannan bayani ne, ya ke mai juna biyu, saboda dalili biyu. Wataƙila kina da irin wannan yaro a gida yanzu haka, ya riga ya gajiyar da ke ga kuma nauyin ciki. Sannan akwai abubuwan da ke faruwa tun ɗa yana ciki waɗanda suke da alaƙa da larurar, wasunsu kuma kina da ikon kauce musu.

Yadda larurar take

A gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi, akwai sashen da aikinsa shi ne riƙe mutum. Shi ke sa ki tsaya ki yi tunani kafin ki yi magana, shi ke sa ki ci gaba da tsintar shinkafa ko da ana hira mai daɗi a tsakar gida, shi ke riƙe miki saƙo a ka har ki isar da shi. A wurin yaro mai wannan larura, sashen yana jinkirin nuna. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, inda aka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara shekara bayan shekara, ya nuna cewa jinkirin yakan kai kimanin shekara uku. Haka kuma sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyin wannan sashe, musamman dofamin da noradirenalin, ba sa aiki yadda ya kamata. Ki ɗauke shi kamar doki mai ƙarfi wanda linzaminsa ya yi sako-sako. Ƙarfin yana nan, hankalin ma yana nan, juya shi ne ke da wuya.

Larurar ba kama ɗaya take zuwa ba. Wani yaron motsi ne ya fi yawa: hawa katanga, tsalle a kan gado, surutu ba tsayawa, katse manya, ba da amsa kafin a gama tambaya, kasa jiran layi. Wani kuma ba ya damun kowa, sai dai hankalinsa ba ya zama. Yana kallon malami amma zuciyarsa tana wani gari, ya fara aiki bai gama ba, ya ɓatar da fensir yau, takalmi gobe. Da yawa suna haɗa duka biyun.

A nan ya kamata a kula da 'ya'ya mata. Ana gano larurar a yara maza fiye da mata da kamar ninki biyu, amma wani ɓangare na wannan bambanci ya samo asali ne daga yadda ta mata ke zuwa shiru. Yarinyar da ake bar wa tukunya ta ƙone, wadda ake kira sau uku kafin ta amsa, wadda ake yi wa laƙabi da sakarya ko shashasha, ba ta fasa komai ba balle a kai ta asibiti. Sai ta girma tana ganin ita ce ba ta da kai.

Iyaye kan ce, "Ai in an ba shi waya sai ya yi awa biyu bai motsa ba, ashe yana iya natsuwa in ya ga dama." Wannan ba ya kore larurar. Abin da ke walƙiya yana canzawa kowace daƙiƙa shi ke riƙe yaron, ba yaron ke riƙe kansa ba. Gwajin gaskiya shi ne aikin da ba shi da daɗi amma dole a yi shi, kamar kwafe rubutu daga allo ko maimaita karatu.

Wasu kuma kan ce ai wannan cutar 'ya'yan Turawa ce, sabon yayi. Ba sabuwa ba ce. Tun 1902 wani likitan yara a Ingila mai suna George Still ya gabatar da bayani a kan yara 43 masu irin wannan hali, da yawa daga cikinsu kuma kaifin hankalinsu daidai yake da na sauran yara. Da aka tattara binciken ƙasashe daban-daban a 2007, an samu cewa kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da ita a duniya. Ke nan a ajin firamare mai yara 60, za a iya samun kamar uku. A wurinmu ba rashin larurar ba ne, sunaye ne kawai muka ba ta na daban.

Daga ina take zuwa?

Babban tushenta gado ne. Binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin yara a kan wannan hali daga jini yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sau da yawa in likita yana lissafa alamomin, sai ka ga kaka ta kalli maigida ta ce, "Ai haka uban nasa ya yi." Don haka kai maigida, kafin ka ce uwarsa ce ta sangarta shi, ka tambayi Hajiya yadda aka sha da kai.

Rashin tarbiyya ba ya haifar da ita, ko da yake gidan da kullum ake cikin faɗa da duka yana ƙara mata tsanani. Shan zaƙi ma ba ya kawo ta. An gwada wannan sau da yawa, ana ba wasu yara sukari wasu kuma abin zaƙin da ba sukari ba, ba tare da iyaye sun san wa aka ba me ba, kuma ba a ga bambanci a halinsu ba. A rage alewa saboda haƙora, wannan magana ce daban.

Abin da ya shafe ki yanzu da kike da ciki

Bayan gado, abin da aka fi tabbatar da alaƙarsa da larurar shi ne haihuwa kafin lokaci da kuma ƙarancin nauyin jariri, wato ƙasa da kilo biyu da rabi. Bakwaini da jariran da aka haifa ƙanana ƙwarai sun fi sauran yara haɗarin samunta da ninki biyu zuwa uku. Abubuwan da ke jawo irin wannan haihuwa a yankinmu kuwa sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, hawan jini na masu ciki, ciwon sanyi da ba a yi magani ba, da ciki a kan ciki ba hutu. Duk waɗannan ana gano su a wurin awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba ki ki sha a gaban ma'aikaciyar jinya, ƙwayoyin ƙarin jini, gidan sauro, gishiri mai ayodin, auna hawan jini, kowannensu kariya ne ga ƙwaƙwalwar da ake ginawa a cikinki. Haka ma haihuwa a hannun ƙwararru, domin doguwar naƙudar da ta sa jariri ya daɗe bai yi numfashi ba tana iya barin tabo a ƙwaƙwalwa.

Giya da kayan maye suna ratsawa ta mabiyiya su kai ga ɗan tayi. Wannan ya haɗa da ruwan kodin da taramol, waɗanda abin takaici sun shiga har cikin ɗakunan matan aure. Idan kina sha, ki gaya wa likita a asirce, kada ki yanke shi rana ɗaya ke kaɗai, domin hakan ma yana da haɗari ga cikin. Taba kuwa, ko sigari ko shisha, an daɗe ana ganin 'ya'yan masu shan ta sun fi samun larurar, ko da yake sabon bincike ya nuna cewa wani kaso na wannan alaƙa gado ne. Amma babu gardama a kan cewa taba tana rage nauyin jariri, kuma hayaƙin da maigida ke busawa a ɗaki shi ma yana shiga jikinki.

Sai magunguna. Akwai maganin farfaɗiya mai suna balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, da ke iya shafar halittar ɗan tayi da ci gaban ƙwaƙwalwarsa. Idan kina shan sa, ki ga likita da gaggawa don a duba ko za a canza miki, amma kada ki daina da kanki, domin tashin farfaɗiya a kan ciki babban haɗari ne. Shi kuwa farasitamol an yi ta cece-kuce a kansa. A 2024 an wallafa wani bincike daga Suwidin da ya ƙunshi yara fiye da miliyan biyu, inda aka kwatanta 'yan uwa ciki ɗaya, wanda uwa ta sha maganin a cikinsa da wanda ba ta sha ba, kuma ba a ga ya ƙara haɗarin larurar ba. Zazzaɓi mai zafi da aka bari ya fi shi illa. Ki sha daidai yadda aka ƙayyade, na ɗan lokaci, ki kuma zo a gano abin da ya kawo zazzaɓin.

Akwai kuma dalma, wadda ya kamata mu a Arewa mu fi kowa tsoronta. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Wannan shi ne mai yawa da ke kisa. Amma ko kaɗan ce ta shiga jinin yaro tana rage masa kaifin hankali da natsuwa, ba tare da an ga wata alama ba, kuma tana ratsawa daga uwa zuwa ɗan tayi. Ana samun ta a ƙurar haƙar ma'adinai, a wurin fasa tsofaffin baturan mota, a wasu fentin, da kuma a kwallin dutse da ake ranɗa wa jarirai, wanda gwaje-gwaje suka sha nuna yana ɗauke da dalma mai yawa. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Mun san kwalli ado ne da muka gada, kuma ba kowace kaka za ta ji daɗin wannan magana ba, amma idon jariri ba ya bukatarsa. Idan maigida yana aikin batir ko haƙar zinariya, ya riƙa wanka da canza tufafi kafin ya shigo cikin iyali.

Kada wannan ya sa ki zargi kanki. Yawancin bakwaini suna girma ba tare da larurar ba, kuma akwai matan da suka kiyaye komai amma suka haifi mai ita.

Yadda ake gano ta

Ba a gano ta da gwajin jini ko hoton kai. Likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa zai zauna da ku ne ya yi tambayoyi masu yawa, ya duba yaron, ya kuma nemi jin ta bakin malamansa. Kafin a ce yaro yana da ita, sai alamomin sun kai aƙalla wata shida, sun fara kafin ya cika shekara 12, sun zarce abin da aka saba gani ga tsaransa, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kuma suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Yaron da yake lumui a makaranta amma ya addabi gida, ko akasin haka, sai a duba abin da ke faruwa a wurin. Ɗan shekara biyu ko uku kuwa motsi aikinsa ne, ba kasafai ake yanke hukunci a kansa ba kafin ya kai shekara huɗu.

Wani muhimmin aikin likita shi ne kore abubuwan da ke kama da larurar, kuma a yankinmu suna da yawa. Yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, ko wanda ya taɓa yin sanƙarau, wataƙila ba ya ji sosai ne. Wani allo ne ba ya gani. Akwai nau'in farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi sau da yawa a rana. Akwai ƙarancin jini, da amosanin jini, da minshari mai toshe numfashi wanda ke hana barci mai kyau, da yunwa, domin yaron da ya tafi makaranta bai karya ba ba zai natsu ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa har yaro ya suma yakan bar matsalar natsuwa bayan an warke. Yaron da ya ga tashin hankali, ko wanda ake cutar da shi a ɓoye, shi ma hankalinsa ba ya zama. Kowanne daga cikin waɗannan maganinsa daban.

Magani

Larurar ba ta da maganin da zai raba yaro da ita gaba ɗaya, amma tana cikin matsalolin ƙwaƙwalwar yara da suka fi jin magani.

Matakin farko, musamman ga yaran da ba su kai shekara shida ba, na iyaye ne. Ana koya musu dabarun tafiyar da yaron, kuma dabarun ba su da tsada. Kada ki ƙwala masa umarni daga madafa. Ki je kusa, ki kira sunansa, ki bari ya kalle ki, ki faɗi abu ɗaya, ki sa ya maimaita. "Ɗauko buta" ya fi "ɗauko buta ka share ƙofar ɗaki ka kira yayarka". Lokacin tashi, cin abinci, karatu da kwanciya ya zama ɗaya kullum. A raba karatu gajere-gajere, minti goma ya tashi ya zagaya ya dawo. A bar shi ya yi guje-guje da ƙwallo har ya gaji, a kuma raba shi da waya kafin barci. Abin da ya fi duka wuya ga iyaye shi ne yabo. Wannan yaro yana jin "bari" da "kai" sau ɗari a rana, kuma ya daɗe bai ji "Allah ya yi maka albarka" ba. Ki riƙa farautar lokacin da ya yi daidai, ki yaba nan take, domin ladan da za a ba shi ranar Juma'a ya yi masa nisa. Idan ya yi laifi, hukuncin ya zama ƙarami, na nan take, kuma iri ɗaya ko a hannun uwa ko uba ko kawu.

Game da bulala, gaskiya ɗaya ce. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka ne, amma wanda aka yi wa da ƙarfi karyewa yake yi. Duka ba ya gyara linzamin ƙwaƙwalwa. Abin da yake koya wa yaron shi ne ƙarya, ɓuya da taurin zuciya, daga nan kuma ya fara gudun gida. Ku je makaranta ku yi wa malaminsa bayani, na boko da na Islamiyya. A zaunar da shi a gaba, nesa da taga, a riƙa ba shi aikin goge allo ko raba littattafai don ya sami dalilin tashi.

Idan yaro ya kai shekarun makaranta kuma larurar tana hana shi karatu duk da waɗannan dabaru, likita na iya rubuta magani. Wanda aka fi amfani da shi shi ne metilfenidet, da ake sayarwa da sunaye irin su Ritalin da Concerta. Abin mamaki, maganin na masu farkar da ƙwaƙwalwa ne, ba na sa barci ba. Yana farkar da sashen nan mai riƙe mutum, sai yaron ya iya riƙe kansa. An gano amfanin irin waɗannan magunguna ne tun 1937, lokacin da wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya ba wasu yara ɗaya daga cikinsu saboda ciwon kai, sai aka ga karatunsu ya gyaru. Kimanin yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi a fili. Mai gajeren zango yana aiki awa uku zuwa huɗu, mai dogon zango kuma awa takwas zuwa 12. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 1999, wanda ya bi yara 579 na tsawon wata 14, waɗanda aka ba magani cikin kulawa sosai sun fi samun sauƙin alamomin, waɗanda kuma aka haɗa musu magani da horon iyaye da malamai sun wadatu da magani ƙasa da na sauran. Da aka daina bibiyarsu ta kusa, bambancin ya riƙa raguwa, abin da ke nuna cewa dawowa asibiti a kan lokaci yana cikin maganin.

Yana da illolinsa. Yakan rage cin abinci, ya hana barci in an sha da yamma, ya kawo ciwon kai ko na ciki a makonnin farko, ya ɗan ƙara bugun zuciya, ya kuma ɗan rage saurin girma. Shi ya sa ake ba yaro bayan ya karya kumallo sosai, ake kuma auna tsayinsa da nauyinsa da hawan jininsa lokaci-lokaci. Ki gaya wa likita idan yaron yana da ciwon zuciya ko farfaɗiya, ko kuma an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a dangi. Ga wanda wannan bai karɓe shi ba akwai atomoksetin, wanda aka fara amfani da shi a 2002. Shi yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kuma idan yaron ya shiga baƙin ciki mai tsanani, ko ya fara maganar cutar da kansa, ko idonsa ya yi rawaya, a dawo da shi nan take.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce, "Ba zai zama ɗan ƙwaya ba?" Tsoro ne mai dalili ga duk wanda ya ga abin da ƙwaya ta yi wa matasanmu. Abin da bincike ya nuna shi ne, shan maganin bisa ƙa'idar likita ba ya ƙara haɗarin shaye-shaye daga baya. Larurar da aka bari ba kulawa ita ce ke ƙara shi, tare da haɗarin barin makaranta, faɗawa mugun abokai da haɗarin babur. Amma maganin yana cikin waɗanda doka ta tsaurara, ba a bayar da shi sai da takardar likita, ba kuma a kowane kanti ake samunsa ba. Ki ajiye shi a kulle, ke ko mahaifinsa ku riƙa ba shi da hannunku, kada kuma a ɗiba wa ɗan maƙwabta don an ga halinsu ya zo ɗaya. Haka nan kada a saya wa yaro maganin mura mai sa barci a kemis don a huta da shi.

Yawan motsin yakan ragu idan yaro ya balaga, amma rashin natsuwa da mantuwa sukan bi da yawa har girma, kuma kimanin manya 2 zuwa 3 cikin 100 suna da larurar. Idan ke kanki kina shan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna kuma kika sami ciki, ko kina shirin shayarwa, ki sanar da likitan awo tun zuwan farko don a yanke shawara tare.

Idan kina ganin ɗanki ko 'yarki a cikin wannan bayani, ki yi wa ma'aikaciyar jinya magana ranar awonki na gaba, za ta nuna miki yadda za a ga likitan yara. Ranar da za ku zo, ku taho da katin rigakafinsa, da sakamakon jarrabawarsa, da littattafan da yake rubutu a ciki, da ɗan bayani daga malaminsa, da duk wani magani da yake sha, na asibiti ko na gargajiya. In da hali maigida ya biyo ku, domin akwai tambayoyin da shi ne zai fi amsa su.